Ku Tambayi Anti: Kashin Jariri Da Nafkin Na Wankewa

Wannan makon wasiƙun da suka taru min kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato yadda za a yi da kashin yaro idan nafkin na wankewa ake sa masa ba famfas ba. Na zaɓo guda biyar. Mai ƙyanƙyami ya yi haƙuri, yau kam maganar kashi za mu yi tun daga sama har ƙasa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min. Haihuwata ta fari ce, yarinyar satinta uku kuma nono zalla nake ba ta, nafkin nake sa mata saboda famfas ɗin yana sa mata ƙuraje, toh matsalar ita ce a rana sai ta yi kashi sau shida sau bakwai kuma ruwa-ruwa ne ba abin da za a kakkaɓe, yayar mijina ta ce in dinga jiƙa su a bokiti da bilic su kwana, ina yin hakan amma wallahi da safe in na buɗe bokitin nan kamar in yi amai, ga shi kuma rawayan tabon bai fita. Me nake yi ba daidai ba? Daga sabuwar uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya. Da farko dai ki kwantar da hankalinki, kin samu kanki a lokacin da ya fi kowanne sauƙi ne ba ki sani ba. Kashin jaririn da nono kaɗai yake sha narkewa yake a ruwa, shi ya sa kika gan shi rawaya mai laushi da ɗan tsaki-tsaki a ciki kuma warinsa bai kai ya kawo ba. Ba ya buƙatar kankarewa, ba ya buƙatar dogon jiƙo. Masu injin wanki ma da yawa haka nan suke jefa shi ciki injin ya yi zagayen ɗauraya na farko ya tafi da shi. Ke da kike wanki da hannu abin da za ki yi shi ne da kin cire mata ki tafi da shi banɗaki, ki riƙe shi a saitin masai ki zuba masa ruwan sanyi, za ki ga kashin yana bin ruwan yana sauka da kansa, ki ɗan murza ki matse, shikenan. Minti biyu bai cika ba.

Na ce ruwan sanyi, ki riƙe wannan. Mutane suna ganin kamar ruwan zafi ne tsafta sai su fara da shi, alhali zafi dafa ƙazantar yake ya manna ta a cikin zaren, daga nan kuma sai dai ki yi ta dirza har hannunki ya saɓule tabo na nan daram. Sanyi tukuna a fitar da kashin, zafi daga baya lokacin wanki na sosai.

Sai maganar bokiti. Yayar mijinki da kyakkyawar niyya ta faɗa miki, a da kusan kowa haka yake yi, amma ni ban yarda da jiƙon kwana ba ko kaɗan. Ruwan da kashi da fitsari suka kwana a ciki miyar ƙwayoyin cuta ce kawai kika haɗa, warin da yake bugunki da safe ke nan. Bilic kuma in ya daɗe a jikin ƙyalle cinye zaren yake, nan da wata biyu za ki ga nafkin ya yi sharara yana yagewa, in mai roba ne a ƙafa robar ta saki. Ga wani abu da ba a cika faɗa ba, fitsarin da ya kwana yana komawa amoniya, wato sinadarin nan mai wari mai hawa kai, ita kuma amoniya in ta haɗu da bilic iska mai guba suke fitarwa wadda take ƙona ido da maƙogwaro, a banɗaki ƙarami mara taga abin ba wasa ba ne. Kuma bokiti cike da ruwa a gidan da ake da mai rarrafe ko mai tatata haɗari ne babba, yaro kansa ya fi jikinsa nauyi, ya leƙa ya kifa ciki ba zai iya ɗagowa ba, ruwan da bai wuce santimita 5 ba ma yana iya halaka shi kuma ba za ki ji ko motsi ba. Yanzu ba ki da mai rarrafe, amma wata nawa ya rage?

Abin da ya fi, ki ɗauraye ki matse ki sa a bokiti ko kwando busasshe wanda iska take shiga, ba wanda aka toshe ruf ba, in kina gudun ƙuda ki yafa masa ƙyalle mai shara-shara ko raga. Kar su wuce kwana biyu ba a wanke ba, lokacin zafi kuwa kullum ya fi. Jariri sabuwar haihuwa yana ɓata nafkin 8 zuwa 12 a rana, kin ga in kina da 24 za ki iya wanki yau ki huta gobe ba tare da kin rasa na sawa ba.

Rawayan tabon nan kuma ba datti ba ne, launi ne da yake fitowa daga ruwan matsarmama, kuma maganinsa na sama kyauta. Ki wanke da omo yadda ya kamata, ki shanya shi da danshinsa a rana tsaka, gefen tabon yana kallon sama. Ki je ki dawo bayan awa biyu ko uku. Ranar da na fara gwadawa sai da na juya nafkin ɗin gaba da baya ina neman inda tabon yake. In bai fita duka ba ki sake jiƙa shi ki mayar. Nafkin mai ɗan tabo da aka wanke da kyau tsaftatacce ne, kar ki kashe kanki a kan fari tas.

Ga masu ciki da suke karanta mu, kashin kwana biyu zuwa uku na farko daban ne, baƙi-baƙi ne mai kore yana danƙo kamar kwalta. Yana fita a wanki amma da wahala, sai ki shimfiɗa wani tsohon ƙyalle mai laushi a cikin nafkin ɗin wanda ba za ki ji asarar yar da shi ba. In jariri ya kai awa 48 bai yi wannan kashin ba a gaya wa ma'aikatan lafiya.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ɗana watansa bakwai, tunda ya fara cin abinci kashinsa ya canza gaba ɗaya, ga wari ga kauri ga manne wa nafkin kamar an shafa da wuƙa. Na sayi irin takardar nan da ake shimfiɗawa a ciki wadda aka rubuta ana iya kora ta a masai, sati biyu bututun gidan ya toshe sai da aka kira mai gyara, maigida ya ce ko in koma famfas ko in san yadda zan yi. Ni kuma ba na son komawa. Daga maman yaro ɗaya.

AMSA: Sannu 'yar'uwa, kin shigo zangon da ya fi kowanne ban haushi, ba zan ɓoye miki ba. Daga wata shida da ake fara haɗa wa yaro abinci da nono, kashin ya daina narkewa a ruwa amma kuma bai yi taurin da zai faɗo da kansa ba, yana tsaka-tsaki, shi ne wannan mai mannewar. Yana ɗaukar 'yan watanni, abincin na ƙaruwa kashin na haɗe jikinsa, wata rana za ki ga kin ɗaga nafkin a kan masai kin ɗan girgiza ya faɗa ɗungurungum, ranar har murna za ki yi ke kaɗai a banɗaki.

Kafin ranar ta zo ga dabarun da ake yi. Wasu suna ajiye wani tsohon cokali mai faɗi ko 'yar roba mai baki a banɗaki, aikinta ke nan kankare kashi a zuba a masai, a wanke ta da sabulu a rataye inda yaro ba zai kai ba, kuma dan Allah a yi mata alama kar wata rana ta koma kicin. Wasu suna sa safar hannu ta roba su kama gefen nafkin su tsoma shi a ruwan masai na zama suna kaɗawa, su kora ruwa suna riƙe da shi gam, ƙarfin ruwan ya tafi da kashin. Yana aiki, amma in ya suɓuce miki mai gyaran nan zai sake dawowa. Wanda na fi so shi ne fesa ruwa, ko da ɗan bututun fesawa da ake haɗawa a gefen masai ko da buta. Sai dai mai fesawar yana da sharri, ranar farko da na murɗa shi da ƙarfi abin da ya fantsamo min a fuska da bango ba sai na faɗa ba. Ki sassauta ruwan, ki zura nafkin ɗin can ƙasa cikin masai, ki fesa daga sama zuwa ƙasa.

Takardar shimfiɗawa kuwa ba ita ce mai laifi ba, rubutun jikinta ne. An yi ta ne ta jure jiƙa a gindin yaro na awanni, to abin da fitsari bai narkar ba ya za a yi ya narke a bututu? Ki kakkaɓe kashin a masai, ita kuma ki ƙulle a leda ki sa a shara. Haka ma tishun goge gindi mai danshi, ko me aka rubuta a kai. In kina son wadda ba a yarwa ki samu yadi mai laushi irin na bargon jarirai na roba-roba, ki yayyanka daidai tsawon nafkin, ba ya buƙatar ɗinki don ba ya zarewa. Fitsari yana ratsa shi ya wuce ƙasa, kashi kuma bai cika kama shi ba, kina lanƙwasa shi yake ɓarewa, sannan kin ga ɗan ƙyalle za ki ɗauraye ba nafkin sukutum ba.

Kuma ki lura da lokacin yaronki. Da yawansu bayan cin abinci ko tashi daga barci suke yi, kuma sai sun nuna, fuska ta yi ja, ya tsaya cak yana nishi. Tunda yana iya zama ki ɗora shi a fo a wannan lokacin, ba horo ba ne ba kuma dole ba, amma duk kashin da ya faɗa fo nafkin ɗaya kika huta.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni namiji ne, matata aka yi wa aiki wajen haihuwa shi ne wankin ya dawo kaina. Tambayata, zan iya haɗa nafkin da kayanmu a injin wanki? Sannan mahaifiyata ta ce kashin jariri ba shi da wata cuta tunda nono ne kawai, ruwan ɗaurayar ma a tsakar gida take watsawa. Haka ne? Daga wani uba.

AMSA: Malam Allah ya saka da alheri, Allah ya ba mai jiki lafiya. Maganar Mama, a yi mata bayani cikin ladabi, amma ba haka ba ne. Wannan fahimtar ta yaɗu a ƙasashe da yawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun daɗe suna jan hankali a kanta, kashin yara yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na manya, sau da yawa ma ya fi, don su ne suka fi yawan kamuwa da gudawa. Rashin wari ba shi ne rashin cuta ba. Ƙwayar rota da take sa ƙananan yara gudawa da amai ta kashi take fita, tana iya yin awanni a hannu da kwanaki a kan abin da aka taɓa. Tsakar gidan da aka watsa ruwan nan kuwa nan ne yara suke rarrafe suna kai hannu baki, nan ƙuda yake sauka ya tashi. Kashi da ruwan ɗaurayarsa duk masai za su tafi. Bayan kowane canji a wanke hannu da sabulu na kamar daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. A ƙara kula a makonnin da aka ɗiga wa jariri rigakafin rota ko na shan inna a baki, saboda raunanniyar ƙwayar rigakafin tana fita a kashinsa na ɗan lokaci, ba abin tsoro ba ne kuma ba dalilin fasa rigakafi ba ne, wanke hannun ne dai kar a yi wasa da shi, musamman in akwai mai raunin garkuwar jiki a gidan.

Batun inji, wanki biyu ake yi. Na farko gajere da omo kaɗan, nafkin su kaɗai, wannan shi ne mai kwashe ƙazantar ya zubar. Na biyu dogo da omo cikakke da ruwa mai zafin digiri 60 in yadin zai ɗauka, ka duba 'yar takardar jikinsa. A na biyun za ka iya ƙara ƙananan kaya irin su tawul ɗin jariri da rigunansa don injin ya cika daidai, ƙyallaye sai suna gugar juna suke fita. Manyan zannuwan gado kam a'a, naɗe nafkin suke su hana shi wankuwa. In yaro yana gudawa kar ka haɗa da komai. Wandon roba na sama shi ba ya son zafi sosai, a inuwa ake shanya shi.

TAMBAYA: Anti jaririna kwanansa 25, kashinsa ba rawaya ba ne irin na yayyensa, fari-fari ne kamar ƙasar alli, ko tabo ba ya bari a nafkin, har ina jin daɗi wanki ya yi sauƙi, amma idonsa har yanzu da ɗan rawaya kuma fitsarinsa yana rina nafkin. Yana shan nono lafiya lau. In damu? Daga maman uku.

AMSA: 'Yar'uwa wasiƙarki na amsa miki ita kai tsaye ranar da ta iso, ina sake sa ta a nan ne saboda wasu. Ki kai shi asibiti yau, ba gobe ba, kar ki jira ranar awo. Launin rawaya ko kore ko ruwan ƙasa da muke gani a kashi daga ruwan matsarmama yake zuwa, wanda hanta take turowa cikin hanji. In kashi ya fito fari ko toka-toka ko kamar alli, ga shawara ta wuce sati biyu, ga fitsari mai duhu alhali na jariri kusan kamar ruwa ya kamata ya zama, ana tsoron hanyar da ruwan yake bi ce ta toshe. Akwai aikin da ake yi, sunan likitan Japan da ya ƙirƙiro shi Morio Kasai ake kiransa da shi, kuma ya fi yin nasara in an yi shi kafin jariri ya cika kwana 60. Abin da yake yaudarar iyaye shi ne yaron yana shan nono yana wasa kamar ba komai, ana ta jira, kwanakin suna tafiya. Saboda wannan ne Taiwan tun 2004 take raba wa iyayen jarirai kati mai hotunan launin kashi su dinga gwadawa, Japan ma ta sa irinsa a littafin lafiyar uwa da jariri. Ba na ce tabbas abin da yake damun ɗanki ke nan ba, gwajin jini ne zai nuna, amma ki tafi da nafkin ɗin da kashin a cikin leda ki nuna wa likita, ko ki ɗau hotonsa a hasken rana.

Wannan ma wata fa'ida ce ta nafkin na wankewa da ba a lissafa ta, mai famfas naɗewa take ta jefar, ke kuwa dole ki kalla. To ki kalla da kyau kafin ki zuba ruwa. Rawaya, kore, ruwan ƙasa, duk ba komai. Fari, ja na jini, ko baƙi bayan kwanakin farko sun wuce, waɗannan na likita ne, sai dai in yaron yana shan maganin ƙarin jini, shi yana sa kashi ya yi duhu. Mai shan nono zalla in ya wuce sati shida yana iya yin kwanaki bai yi kashi ba, in dai ya zo da laushi kuma cikinsa bai kumbura ba lafiyarsa ƙalau. Gudawa kuma ita ce kashin ya koma ruwa tsululu fiye da yadda ya saba kuma ya ƙaru, a ci gaba da ba shi nono a nemi ma'aikacin lafiya a kan ruwan gishiri da sukari na ORS da zinc, in kika ga maɗiga ta faɗa ko nafkin ya daɗe a bushe ba fitsari ko yaron ya yi laushi, asibiti kai tsaye.

TAMBAYA: Anti nafkin ɗina in na wanke ba sa wari, amma da yarinyar ta yi fitsari sai wani wari mai hawa kai ya tashi, kuma yanzu ba sa shan fitsarin sai ya bi ta ƙafa, gindinta ma ya yi ja. Ina sa turaren laushin kaya kuma ina shafa mata basilin sosai. Daga uwar 'yan biyu.

AMSA: Kin kawo ƙara kin kuma kawo masu laifin da kanki. Ruwan laushin kaya wani maiƙo yake bari a jikin zare, basilin da man ƙuraje mai kauri su ma haka, sun toshe yadin shi ya sa fitsari yake zamewa. Wari mai hawa kan kuma amoniya ce, alamar wankin ba ya kaiwa ciki, akwai saura a cikin zaren da sabon fitsari yake tayarwa, kuma ita ce take ƙona fatar yarinyar. Ki daina sa ruwan laushin gaba ɗaya. Ki wanke su duka da ruwan zafi da omo isasshe sau biyu ko uku a jere kina ɗaurayewa har kumfa ta ƙare. Bayan sun fita tas, nan ne bilic yake da amfani, sau ɗaya, a ruwan sanyi gwargwadon yadda aka rubuta a jikin robar, kar ya wuce minti 30, kar ki haɗa shi da komai, ki ɗauraye ki sake wankewa ki shanya a rana. Man shafawa ba a hana ki ba, ki dai sa ɗan ƙyalle tsakaninsa da nafkin. Ki dinga canza mata duk awa biyu zuwa uku, kashi kuwa nan take, ki bar gindin ya sha iska na ɗan lokaci kafin ki ɗaura wani. In jan ya yi kwana uku bai ragu ba, ko ya shiga cikin matsematsi da ƙananan ɗigo-ɗigo ja a gefensa, wannan ya fi kama da na fangas, wato ƙwayar cuta dangin mai sa makero, basilin ba zai yi masa komai ba, ki kai ta a duba a rubuta mata man da ya dace, kuma duk tsawon kwanakin da take shafa shi da ruwan zafi za ki dinga wanke nafkin ɗin, har da na ɗan'uwan nata tunda tare suke sawa.